Kada Baba Ya Shiga Masai

Maman Zira,

Na tafi Maiha, ba zan iya jiran ki dawo daga zumuntar mata ba.

Abin da ke cikin tukunyarki ba kunu ba ne. Taraktar ce ta ƙi tashi, kwana uku ke nan. Na zuƙi tiyo har fetur ya cika mini baki, na kankare fulogi, shiru. Sai na kwance kafireto na dafa shi da tsamiya, yadda Laminu bakanike ya koya mini, don dattin ya fita.

Na zagaya wanke hannu ke nan Babanki ya iso daga Betso. Bai tambayi kowa ba, ya sha ludayi uku, har da cewa kin rage sukari. Da na zo haɗawa, ɗan notin tagullar da fetur ke bi ta cikinsa babu shi. Bai fi ƙwayar wake ba. Baba ya ce lallai ya ji wani gaya mai tauri ya wuce.

Laminu ya ce da wuya a samu irinsa duk Gongola, ga ruwa ya sauka, gonarmu ta Duvu ba a taɓa ta ba. Zan duba wata matacciyar tarakta a Maiha, ko a dace.

Ki ba Baba gwanda da yawa. Kada ya koma Betso, kada ya shiga masai. Fo ɗin Zira na bayan ƙofa, rariya na kusa da shi.

Ki lallaɓa shi. A yau dai Babanki ne rabin taraktar.

Vandi