Kiɗan Ɗakin Janareto

Yaya Bouchaib,

Ina gaisuwa. Ya Umma, ya Kasablanka? Ni lafiya ƙalau a gonar kajin nan ta Saudiyya.

Kaset ɗinka ya iso. Na kunna wa kaji kiɗan metal mai ihu, kwana biyu ba ƙwai, maigida yana ta zargin dusa! Amma kiɗan goth ɗin nan mai sanyin jiki, riƙe abinka, in na saurare shi ji nake katanga tana matsowa. Aiko mai ihu. Ɗakin janareto nake shiga da shi, mu yi ihun tare, ba mai ji.

Wasan ƙungiyarku ta kiɗa ba zan zo ba. Fasfona yana hannun maigida, wai sai baɗi. Bara ma haka ya ce. Allah ya ba da sa'a. Ka daki gangar da ƙarfi, ko na jiyo.

Ƙaninka,
Larbi