Jitar Baba Ta Tashi a Harlem

Harlem, New York

Zuwa ga Yayana Issoufou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Aïchatou da yara. Allah ya ƙara wa Baba sauƙin idon nan, ya ja da ransa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana Hambali yana nan a rumfarsa ta gyaran waya a Titin 125, ni ina kan aikina na kula da tsofaffi, 'yarmu Firdaoussi kuma tana jami'a, har ta fi ni tsawo. Na rubuto ne in ba Alhaji Barmo da zai zo Damagaram, don na san duk saƙon murya da na turo a gaban Baba kake kunna shi, wannan magana kuwa ba na so ta shiga kunnensa tukuna.

Yaya, jitar Baba ta tashi! Ka tuna bara da ka aiko ta, lokacin da Baba ya ji jikarsa tana koyon kiɗa ya ce a ba ta. Ranar da muka buɗe akwatin, ƙamshin ɗakin Baba ne ya fara tarbar mu. Tsirkiyoyin duk sun yi tsatsa, kuma da Hambali ya kwance murfin baya sai ga gidan zanzaro a cikin wayoyi, ya biyo jirgi har Amurka. Firdaoussi ta goge ta, ta sa sababbin tsirkiyoyi, muka aro lasifika wurin Sheriff, wani mutumin Kumasi da ke tuƙin tasi a unguwar Jamaica ta nan New York yana kuma kiɗa a gidajen biki. Muna jonawa sai wani ƙugi ya cika falon kamar injin niƙa, in an taɓa tsirkiya ma sai ya ƙaru. Firdaoussi ta murɗa maɓallin ƙara, kawai sai muka ji wani ƙato yana zuba Sifaniyanci daga cikin lasifikar. Ban san lokacin da na kai bakin ƙofa ina a'uzubillahi ba. Hambali ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya ce wayoyin cikin ne suka zama eriya suna kamo gidan rediyo.

Muka kai ta wani shagon gyaran kayan kiɗa. Mai shagon dattijo ne mai gaskiya. Ya duba ya ce mafi sauƙi shi ne a kwashe duk kayan wutar a zuba sababbi. Firdaoussi ta tambaye shi ko sautin zai fito yadda yake a da, ya ce a'a, za ta yi daɗi amma za ta zama wata jitar dabam. Yarinyar nan ta rufe akwati ta rungume, muka dawo a jirgin ƙasa. Sai da muka iso gida ta ce wa babanta, da Turancinta, ita muryar kakanta take so ta ji, ba ta shago ba.

Hambali bai taɓa buɗe jita ba, amma ya ce wuta dai wuta ce. Teburin cin abincinmu ya koma wurin gyara duk ƙarshen mako, shi da 'yarsa, da mitar awon wuta da ƙarfen narka dalma. Abin da suka fara ganowa shi ne a bakin da ake jona igiyar lasifika, wani ya taɓa gyara ya juya wayoyi biyun, ta ƙasa ta koma wurin ta sauti. Shi ya sa ƙugin ke ƙaruwa in an taɓa. Ban ce kai ba ne, Yaya, amma na tuna wanda ke kwance rediyon gidanmu muna yara. Suka mayar da kowace wurinta, suka sake wata waya da ta ruɓe a ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi, suka fesa wa maɓallai maganin tsatsa har suka daina ƙarar yashi, suka liƙe cikin ramin da wayoyin suke da fallen tagulla. Ƙugi ya mutu, mai Sifaniyanci ma ya yi sallama da mu.

Sai dai babbar matsalar tana gaba. Jitar tana da abubuwa biyu masu maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyi, su ke ɗaukar sauti, ana ce musu fikof. Na ƙasa yana aiki, amma na kusa da wuya shiru, ko an ƙwanƙwasa shi da sukundireba ba ya amsawa, mita ma ba ta motsi. Shi ne kuwa mai sauti mai taushi, kuma fentin gefensa duk ya goge saboda hannun Baba, ka ga da shi yake kiɗa. Da suka buɗe sai suka ga wayar da aka naɗe a ciki, wadda ta fi gashin kai siranta, ta tsinke a bakinta. Hambali ya ce in an yi sa'a za a warware zagaye ɗaya a sake liƙawa, in kuma ta tsinke ta ciki, shi ke nan. Ya ɗauki hantsaki ya ajiye, ya ce shi ba zai iya zama wanda ya kashe jitar surukinsa ba. Firdaoussi ta karɓa. Ta warware a hankali, tana cikin kankare bakin wayar sai ta sake tsinkewa. Na ga idonta ya kawo ruwa. Na dafa kafaɗarta na ce ta yi bismilla ta sake. Ta warware wani zagayen, ta riƙe, babanta ya ɗiga dalma. Lambobi suka bayyana a fuskar mita. Ya ƙwanƙwasa, lasifika ta amsa da ƙwas.

Da suka gama ɗaurewa ta ɗora jitar a cinya ta fara kaɗawa. Yaya, kiɗan nan ne da Baba ke buɗe biki da shi, lokacin da muke leƙe ta bayan zana. Ban taɓa koya mata ba. Ashe a bakina ta ɗauka, ina rera shi in ina girki ban ma sani ba. Sautin ya fito da kauri da taushinsa kamar Baba ne zaune a falon. Na yi kuka, ita ma ta kama, har Hambali ya rasa wadda zai rarrasa cikinmu.

Ga abin da nake roƙonka. Ka san duk kiran da muka yi, Baba sai ya tsokane ta da amaryata, ita kuwa daga gaisuwa Hausarta ta ƙare, sai ta yi shiru, shi kuma ya ce ko ƙin sa take yi. Abin yana damunta ƙwarai. Juma'ar da ta biyo isowar Alhaji Barmo, bayan la'asar, ka zaunar da Baba a inuwar darbejiya, ka cika wayarka da caji, ka jona ta da lasifikar gidan. Mu nan hantsi ne, za mu kira. Rabin kiɗan kawai ta iya, don iyakar abin da na riƙe ke nan, sauran sai shi. Ta yi ta maimaita maganar da za ta faɗa masa har ta zauna a bakinta: "Kaka, ka saurara, inda na tsaya ka ƙarasa mini." Don Allah kada ka bari kowa ya gaya masa kafin nan.

Ka gaishe mini da Yaya Aïchatou, da Gwaggo Damata, da Muslim da ƙannensa. Hambali yana gaishe ka da kyau. Baba kuwa ka gaishe shi kawai, kada fuskarka ta tona mu. Allah ya kai mu ranar lafiya.

Ƙanwarka,
Habsatou