Yaya, Amsar Nafisa a Teburin Mai Caji Ta Sauka

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Allah Ya sa makwancinki na cike da haske. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma wallahi in ban faɗa miki ba ƙirjina zai fashe. Maganar Nafisa ce, autar da kika bar mana.

Kin tuna 'yan matan unguwa in sun zo miki kitso? Kan yarinya na cinyarki, kina tsaga kina tambaya a hankali, har ta faɗi abin da ta kasa faɗa wa uwarta. In kin ji abin ya fi ƙarfin jiƙo sai ki ce, "Ɗauko mayafinki, asibiti muka nufa." Ba a taɓa jin zancen kowa a waje ba.

To yanzu wai waya ce za ta yi wannan aikin. Wasu ma'aikatan lafiya sun zo makarantar da nake koyarwa nan Kusada, suka ba yara wata lamba. Yarinya ta tura tambaya a kan cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, a ba ta amsa da Hausa, ba mai ganin fuskarta. Na yi murna, Yaya. Kin san iliminsu bai wuce na bakin ƙawaye da na mai magani da lasifika ranar kasuwa ba. Ni ma na ce musu su ajiye kunya su tambaya.

Ashe Nafisa ta daɗe tana fama da ciwon mara tana ɓoyewa. Ta ari 'yar wayar babanta mai tocila, ta rubuta tambayarta ta tura, ta goge, ta mayar masa. Sabis ya ɗauke, amsa ba ta zo ba. Wuta kuwa kin san halinta, har mun manta kamanninta. Washegari babanta ya kai wayar wurin mai caji a bakin tasha, kamar yadda kowa ke yi.

A can amsar ta sauka, da sunanta ɓaro-ɓaro a kai! Mai cajin nan, mutum da gemunsa da 'ya'yansa mata, ya buɗe ya karanta, bai tsaya nan ba ya karanta wa 'yan acaɓa. Kafin la'asar zance ya gama gari.

Haba! Wanda ya tsara abin nan bai taɓa taka ƙauye ba ne? Ya ɗauka kowace yarinya da wayarta a jaka, a kulle. A nan waya ɗaya ce ta gida duka, rabin rayuwarta kuma a teburin mai caji take yi. Da sun tambaye ki, ke da ko aji ɗaya ba ki shiga ba, ai da kin ce kada a sa suna. Na kira ma'aikatan lafiyar, wata mai zaƙin murya ta ba ni haƙuri ta ce za a duba. Har yau ana dubawa.

Mutanen garinmu kuwa sun fi ba ni haushi. Saƙon bai ce ta aikata komai ba, cewa ya yi ciwon yana da dalilai da yawa, sai an gwada. Wa ya karanta ƙarshen? Kowa ya yanke hukuncinsa ya wuce. Ko ma mene ne, Yaya, yarinya ce, kuma tana ciwo. Ɗalibaina duk sun goge lambar, waɗanda na san suna da tambaya sun koma yin shiru.

Babanta bai dake ta ba, amma bai sake kallonta ba, jiƙo kawai ya sayo ya ajiye mata a ƙofa. Na ɗauko ta ta dawo wurina. Ta daina zuwa makaranta, yanzu ga zazzaɓi ya shigo. Wata ƙawata nas ta ce in aka bar ciwon marar yana iya taɓa mahaifa. Asibitin nan ta ƙi, mai ba da kati maƙwabcinsu ne. Na ce to mu je Kankia. Ta ɗago ta dube ni da idanunki sak, ta tuna mini cewa 'yan acaɓan da za su kai mu ɗin su ne aka karanta wa.

Na yi kewarki har na ji ina fushi da ke.

Amma gobe da safe za mu tafi. Zan riƙe hannunta mu ratsa tashar nan, mu hau babur ɗin duk wanda ke kan layi. In wani ya buɗe baki ya tambaya, zan ce ni ce marar lafiyar, ita rakiya ta yi mini. Su yi da ni, na fi ta ƙwarin ɗauka.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya ba 'yarki lafiya, Ya rufa wa 'ya'yan mutane asiri. Amin.

Ƙanwarki,
Rabi