Zanzaro Ya Hana Ni Tashi

Zuru, Alhamis da dare, tsakiyar damina

Har yanzu jikina bai gama saki ba, amma na gode wa Allah. Da safe na shiga ƙaramin jirgin saman da nake tuƙawa, na saita agogon da ke nuna tsayi, sai na ga bai yi daidai da tsayin filin ba. Na sauko na duba 'yar kafar da agogon yake shan iska ta cikinta a jikin jirgin. Ashe zanzaro ya liƙe ta da laka!

Likitan da zan mayar Kaduna ya ce, "Rifkatu, ki sa tsinke ki cire mu tafi mana." Na ce sai injiniya ya zo ya gwada ya sa hannu, ƙa'ida ke nan kafin a shiga gajimare. Ya hau mota yana huci. Shi ya sani.

Ba a jima ba hadari ya rufe duwatsun nan ruf. Da na tashi, da a cikinsa nake, ina gaskata agogo mai ƙarya.

Mama ba ruwanta da bayanina, ita dai murnarta na ƙara kwana a gida. Ta zubo mini tuwo, ta nuna gidan zanzaro a bangon ɗakinta, ta ce, "Wannan kam, kada wanda ya sake taɓa mini shi."