Ƙarafuna Biyu na Landirobar Baba

Maseru

Yaya Puleng,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara.

Albishirinki, Landirobar Baba ta tashi. Ita dai wadda kika ce ko kaji sun gaji da kwana a cikinta. Na sauke injin na wanke shi tas, na sake kujeru, na kankare koren fentin na shafa mata shuɗi. Ƙarafunan nan biyu da Baba ke tura akwatin gawa a kansu kuwa na kwance su tun tana tsakar gidanki. Ki ba 'yan gwangwan, ba na son sake ganinsu.

Ranar Asabar zan kwashi kawunnanmu mu hau Ha Molupe, ƙauyen su Lineo, su nema mini aurenta. Ban da Landirobar babu motar da ke hawa dutsen nan, ni kuma ba zan ɗora tsofaffi a kan doki cikin wannan sanyi ba. Ki fara neman bargon da za ki yafa ranar biki.

Ƙaninki,
Lefa

Hlotse

Lefa,

Muna lafiya, yara suna gaishe ka.

Kai dai tun kana ƙarami idan ka sa kai ba ka waiwaye. Ka manta aikin motar nan ne? Duk ɗan Ha Molupe da ya mutu a ramin haƙar zinariya can ƙetaren iyaka, ita ta kai shi gida. Mutanen can ba fenti suke kallo ba. Tun tana ƙasan kwari suke jin tarin injinta, kafin ta iso mata sun fara kuka. Da wannan za ka je neman 'yar mutane? Kakar Lineo ce ke yanke magana a gidan, kuma kowa ya san ba ta wasa da abin da take ganin mummunar alama ce. In ta ce a'a, ka rasa yarinyar nan, ni kuma raina zai ɓaci, don ina sonta.

Ka ari dawaki. Allah ya kiyaye hanya.

Yayarka,
Puleng

Maseru

Yaya Puleng,

Ina gaishe ki, ina kuma shaida miki mun je mun dawo, a motar.

Kin yi gaskiya a kan kukan. Muna karyo kwanar ƙarshe muka tarar da mata a bakin hanya, hannu a ka, kowace tana tambayar ɗan wa aka kawo. Kawu Seabata ya leƙo ta taga ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, mu da ranmu muka zo, sai dai ƙugu ya mutu." Babu wanda ya yi dariya. Duk da haka ban juya ba.

Kawunnai suka shiga, ni na tsaya waje kamar yadda ya dace. Can sai ga tsohuwar ta fito da sandarta. Ta zagaya motar, ta sa na buɗe baya, ta daɗe tana kallon shimfiɗar da na yi.

Ta ce, "Kai ne ɗan Mohapi?"

Na ce, "Ni ne, Kaka."

"Ubanka ne ya kawo mini mijina cikin ƙanƙara, lokacin da kowa ya ce a binne shi can cikin baƙi. Ina ƙarafunan?"

Na ce na cire, motar ta bar wannan aikin.

Ta ce, "Wa ya sallame ta? Tun da ubanka ya rasu, 'ya'yanmu a ƙasar wasu ake rufe su. Ina da biyu da ke aiki a ramin har yanzu. Ka yi mata kwalliya, madalla. Ranar da ka dawo da ƙarafunan a ɗaure, ka zo ka ɗauki Lineo."

Na amsa mata nan take, kuma ba don Lineo kaɗai ba. Yanzu ki gaya mini wane ɗan gwangwan kika ba, ko a ina yake zan same shi.

Ki huta lafiya,
Lefa

Hlotse

Lefa,

Gaisuwa. Ƙarafunan suna ƙarƙashin gadona, na naɗe su a tsohon bargon Baba. Ka zo da sifanar ɗaure su.

Puleng