Takardar hatsarin Yaya Idris tana cikin jakata

Assalamu alaikum mai wannan shafi da duk 'yan'uwa masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san abin da na yi ba daidai ba ne. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne har yau zuciyata ba ta yi nadama ba.

Ni 'yar Umdurman ce, kakata ma a nan aka haife ta. Ina aiki a wani kamfanin ta'amin, wato inshorar motoci, kusa da kasuwar Suk al-Arabi. Aikina shi ne in haɗa takardun waɗanda suka yi hatsari in miƙa wa masu dubawa. Ina da ɗan kawu, zan kira shi Yaya Idris, ba sunansa ke nan ba. Gida ɗaya muka tashi, Innata ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma ita ta sayar da awarwaronta na zinariya aka saya masa amjad, 'yar motar hayar da yake ci da iyalinsa da ita.

Shekara uku ke nan, wata rana da azahar, ciwon sukarin Inna ya tashi, ta faɗi a tsakar gida. Na kira shi a waya, na ce, "Yaya, zo da mota maza, Inna ba ta magana." Ya ce, "Ke kullum sai kin tayar wa mutane hankali. Yau ta fara? Ki ba ta ruwan sukari, ina da fasinja zuwa Bahri, in ya yi tsanani ki tari raksha." Ya kashe waya. A raksha, wato keke mai ƙafa uku, na ɗauke ta, kanta a cinyata, ƙafafunta suna reto a waje, rana tana dukan fuskarta. Kafin mu kai ƙofar asibiti ta cika. Daga baya mai shayin bakin layinmu ta faɗa min da bakinta cewa lokacin da na kira shi yana zaune a wurinta, motar a ajiye, ba wani fasinja. A zaman makoki kuwa shi ya fi kowa kuka, shi ake miƙa wa hannu ana masa ta'aziyya. Har yau bai taɓa ce min "ki yafe min" ba, ko sau ɗaya. Ku gaya min, ana manta irin wannan?

Wata biyu da suka wuce wata babbar motar siminti ta buge shi a hawan gadar da ke tsakanin Bahri da Umdurman. Amjad ɗin ta murƙushe, ƙafarsa ta karye wuri biyu, wata fasinja kuma ta ji mummunan rauni a baya. A kamfaninmu ya yi ta'amin, saboda ni. Matarsa ta kawo takardu ta miƙa wa abokiyar aikina Sitti Amna, ita kuma ta sa hannu ta karɓa ta ɗora a teburina. Ina buɗewa na ga rahoton 'yan sandan hanya, da hatiminsa, da zanen da ya nuna ƙarara laifin mai babbar motar ne. Idan babu wannan takarda, fayil ba ya motsi. Ban tsaya tunani ba wallahi. Na zare ta, na ninke, na tura cikin jakata.

Tun daga nan kowane mako yana zuwa, da sanduna biyu, yana hawa benenmu hawa uku yana nishi. Ya zauna gabana zufa na ɗiga ya ce, "Ƙanwata, ba ni da kowa a wurin nan sai ke. Ki duba min, ko don darajar Inna." Inna! A bakinsa! Na dube shi na yi murmushi na ce, "Malesh Yaya, yi haƙuri, takarda ɗaya ce ba a gani ba, ka dawo mako mai zuwa." Ina kallonsa yana sauka a hankali yana dafa bango, wani sanyi ya ratsa ƙirjina. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma daɗi na ji. Na ce a raina, kai ma ka ji yadda ake kiran ɗan'uwa ya ƙi zuwa. Ya je wurin 'yan sanda neman wata takardar, aka ce jami'in da ya yi zanen an canza masa gari, sai ya jira.

To yanzu abin ya wuce inda na so. Dangin fasinjar sun kai ƙara kotu, ranar Lahadi za a zauna, kuma in kamfani bai tsaya masa ba, rufe shi za a yi da karyayyar ƙafarsa. Wannan ko a jikina, in faɗi gaskiya. Amma shugabanmu ya ce tunda Sitti Amna ce ta sa hannu, ita ta ɓatar, ya ba ta zuwa Alhamis ta fito da ita ko ta bar aiki. Baiwar Allah mijinta ya rasu, ita ke riƙe da gidansu. Jiya na same ta durƙushe tana zazzage akwatunan takardu tana hawaye, ta ɗago ta ce, "'Yar'uwa, ki taya ni tunawa, ko na ba ki ita a hannu?" Na ce ban tuna ba. Me ta yi min? Ita ta kashe min waya ranar da Inna ta faɗi?

In na mayar da takardar a ɓoye, Sitti Amna ta tsira, amma shi ma ya tsira, ya sami sabuwar mota, bai ma san an taɓa hukunta shi ba. In na kai masa ita na faɗa masa dalili a fuskarsa, aikina ya tafi, dangi kuma su ce na ci amana. In na yi shiru, na zalunci marar laifi. Kuma wallahi har yanzu so nake in ga ya kwana a rufe ko da sau ɗaya ne.

Gobe Laraba. Me zan yi?