Shagon Baba a Cikin Waya

Daga ofishin Babban Darakta, Kamfanin Katifu da Matasan Kai na Ƙasa da Ƙasa, hawa na sama, kusa da taga.

Zuwa ga babban ɗan mai wannan kamfani.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, ya rufa maka asiri a inda babu dangi. Ba ka san ni ba, domin ba a daɗe da naɗa ni ba, kuma manya irinmu ba mu cika yawo a rana ba. Ma'aikatana sun kawo mini rahoton gidanku. Inna lafiya lau, sai gwiwar nan da ke yi mata tsiya idan hadari ya haɗo. Baba yana nan da tarinsa, yana lafawa in dai bai shiga ɗakin shiɓar auduga ba. Kawu ya ƙara ƙiba, ya ce iska ce. Shi kuwa autanku, an ce mini ya shiryu, amma ban sa hannu a wannan rahoton ba tukuna.

Dalilin takardata shi ne saƙon da ka aiko, wanda ka ce a rufe shagon katifa Baba ya huta, kai za ka riƙe gidan, a kuma turo maka auta ka sama masa aikin ɗaukar kaya a inda kake. Ka ce duniya ta koma katifar soso, ba mai neman ta auduga. Ba ka yi ƙarya ba, kuma kowa ya san tausayi ne ya sa ka faɗa. An karanta wa Baba saƙon. Ya ɗauki hularsa ya tafi shago, ya zauna a kan bencin nan ya yi ta murza zare a yatsa har aka kira la'asar. Da ya dawo ya gaya wa Inna cewa ba zai tsallake maganar babban ɗansa ba.

Ban sani ba ko kana tuna shagon da yamma. Rana takan shigo ta hujin kwanon rufi kamar igiya, auduga ta yi ta iyo a cikinta a hankali, ba ta sauka, ba ta tashi. Idan mutum ya kwanta a kan tarin katifun da ke lungu ya lumshe ido rabi, sai ya ga kamar shagon ne ya saki ƙasa yana tafiya cikin gajimare, Baba a gaba da basilla a hannu yana tuƙi. An ce autanku ya yi shekaru yana wannan bincike, musamman a lokutan da aka aike shi. Ka kuma san al'adar Baba: ba ya ɗinka wa mutum katifa sai ya ga kwanciyarsa. Ko da babbar riga ka zo, sai ka cire takalmi ka miƙe a kan benci, ya zagaya ka yana kallon inda kafaɗarka ta nutse da inda ƙugunka ya ƙi sauka. Yakan ce wa masu gardama ai tela ma ba ya yanka yadi sai ya auna, balle shi da zai ɗinka abin da mutum zai kwana a kai har tsufansa.

To ga abin da ba a gaya maka ba. Kwanakin baya Kawu ya shigo shago wai zai jira a ɗauke ruwa, ya zauna a bakin wata sabuwar katifa, kafin a ankara ya baje, baki a buɗe, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗan ƙullin auduga yana rawa a gemunsa duk numfashi. Autanku, wanda Allah bai ba shi ikon ganin irin wannan ya wuce ba, ya ɗauke shi a waya ya saka a intanet, ya rubuta cewa katifarmu ta kayar da mutumin da ya zo tsayuwar minti ɗaya. Don tsokana kawai ya yi. Sai ga abu ya bazu. Kawu ya bi shi da sanda har bakin titi, amma da ya ji mutane nawa suka kalla, sai ya dawo yana tambaya ko hularsa ta fito da kyau.

Yawancin masu rubutowa dariya suka zo yi. Amma akwai wata mata daga wani gari mai nisa da ta ce mahaifiyarta ta daɗe a kwance, soso yana ƙona mata baya, tana ta kiran katifar auduga irin ta gidan ubanta, an nema an rasa mai yi. Da aka gaya wa Baba ya ce Allah ya ba ta lafiya, amma shi ba zai ɗinka wa wadda bai ga kwanciyarta ba. Auta ya yi magiya, Baba ya ce sai dai a kawo ta. Aka ce ba ta iya tashi. Ya ce to shi ke nan. Sai autan ya roƙi matar ta ɗauki tsohuwar a bidiyo tana kwance, ta zagaya gadon a hankali kamar yadda Baba yake zagaya benci. Baba ya sa tabarau, ya riƙe wayar da hannu biyu kamar za ta zube, ya kalla, ya ce a maimaita, ya sake cewa a maimaita. Can ya ce baiwar Allah nan a gefen hagu take kwana, kuma tana tsoron juyawa, a ƙara mata auduga a wajen ƙugu a sassauta kafaɗa. Har ya yi wa wayar sannu, ya manta tsohuwar ba ta jin sa.

Ƙirjin Baba bai bar shi ya shiga ƙurar shiɓa ba, hannunsa kuma ya fara rawa a kan basilla. Saboda haka ya zauna a bakin ƙofa yana faɗa, auta yana yi. Sau da yawa ya sa shi ya warware ɗinki, ya kira shi da sunayen da ba za su shiga takardar ofis ba. Aka naɗe katifar aka ɗora a mota. Bayan ta isa, matar ta aiko da hoto: tsohuwar tana barci, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ƙura ta shigar masa ido, alhali ranar ba a shiɓa ba.

Tun daga nan kamfani yake nazarin ko shagon yana bukatar shafin intanet nasa na kansa. Mai gyaran waya na jikin shagonmu ya ce zai buɗe mana, ladansa katifar aurensa. Ya ce za a sa hoton benci da na Baba, da bayanin yadda mutum zai kwanta a ɗauke shi ya turo. Ni kuwa idan na lumshe ido sai in ga ƙofar shagon nan ta buɗe a garuruwan da ba mu taɓa jin sunansu ba. In ga mutane suna cire takalmi suna miƙewa a ɗakunansu, direbobi masu ciwon baya, masu jego, tsofaffin da barci ya yi wa yaji, duk suna jira Baba ya zagaya su. In ga motoci sun fita da katifu a naɗe, mutane suna ta yin barci a bayanmu gari bayan gari.

Amma ba zan ɓoye maka ba, Baba bai yarda da mafarkin duka ba. Ya ce tsohuwa ɗaya ba kasuwa ba ce, kuma masu dariyar Kawu ba su sayi ko matashin kai ba. Ya ce in aiki ya yi yawa za a fara sauri, in aka fara sauri gara a rufe. Ya ce shago ba shafi yake bukata ba, mutum yake bukata wanda zai zauna a cikin ƙura bayan shi. In akwai mutumin, a buɗe shafin. In babu, kada a wahalar da mai gyaran waya. Ya faɗi haka yana kallon bango, bai kalli kowa ba.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce mata Inna tana ta ambatonta. Ka shafa mini kan yaranka, Sarkin Kuka da 'Yar Baba. Inna, Goggo da Kawu duk suna gaishe ka, Kawu ya ce a gaya maka yanzu shi sananne ne.

Yaya, na san tun layin farko ka gane rubutun, don ba darakta a duniya da baƙaƙensa ke karkata kamar na allo. Ba ofis, ba hawa na sama, a kan tarin katifun lungu nake. Na ari babbar kujera ne don na san in na fara da sunana za ka yi dariya ka ajiye, ka ce wani wasan ne. Wannan karon ba wasa ba ne. Baba bai san na rubuto ba, kuma ba zai taɓa roƙonka ba. Mutumin da ya ce shago yana bukata, ina so ya zama ni. Don Allah kada ka aiko a tafi da ni. Ka kira Baba ka ce masa ka yarda, da bakinka, don naka kawai yake jira.

Ni ne ƙaninka, wanda auduga ta cika wa gashi,
Auta.